Bashin Mai Tambaya

Duk wanda ya zauna a Wurno, ko Rabah, ko Goronyo ya san rubutun allin da ake bari a bangon zaure. Lambobi ne da haruffa, wani kan wani. Damina ta wanke, rani ya kawo sabo. Masu ɗigon shan inna ne ke yin yawancinsa. Amma akwai wasu baƙin da ba sa zuwa da magani, sai 'yar na'ura a hannu da tambayoyi a baki. Za su yi sallama, a shimfiɗa musu tabarma, su ce bincike suke yi a kan lafiyar yara. Su nemi katin rigakafi, in babu su tambayi uwa ko an yi wa yaro allurar nan mai barin tabo a damtse, da kuma sau nawa aka soka masa ta cinya. Kafin a dama musu fura sun miƙe.

Mun saba da su har mun daina mamaki. Abin da ba mu cika tambayar kanmu ba shi ne: wanda ya shigo gidanka ya ɗebi labarin 'ya'yanka ya tafi da shi, kana bin sa wani abu, ko kuwa "mun gode" da ya faɗa a bakin ƙofa ta biya?

Mu fara duba abin da ake ɗauka, domin masu bincike kan ce ba su karɓi komai ba sai ɗan lokaci. A wajenmu mace ba ta son ƙirga 'ya'yanta a gaban baƙo. Wata ko sunan ɗan farinta ba ta kamawa saboda alkunya. Takardar tambaya kuwa ba ta san alkunya ba. Tana son a jero mata haihuwa tun daga ta fari: namiji ne ko mace, yana raye, in ya koma yana da wata nawa. Uwar da ta haifi takwas ta binne uku sai ta tono su ɗaya bayan ɗaya, da tsakar rana, tana tsakiyar surfe, domin a cike layi. Mu da muka zaɓi kalmar "ya koma" don kada mu ce jariri ya mutu, mun san nauyin abin da aka sa ta yi. Mai tambaya ya wuce gida na gaba, ita kuwa da su za ta kwana.

Kada mu yi wa binciken rashin adalci, ya yi mana rana. Tsakanin 2016 da 2017 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, tare da UNICEF, ta bi gidaje a faɗin Najeriya tana duba yara 'yan shekara ɗaya zuwa ƙasa da biyu. Ma'auninta shi ne allurar nan mai kare cuta biyar da ake kira Penta, wadda ake yi sau uku, yaro na da sati 6, da 10, da 14. A ƙasa baki ɗaya kashi 33 cikin 100 ne suka samu ta ukun. A jihar Sakkwato kashi 3 ne, babu jihar da ta kai mu ƙasa. Alƙaluman da ke fitowa daga littattafan asibitoci a lokacin sun fi haka nesa ba kusa ba. Wato amsar da matan nan suka bayar a kan tabarma ta fi rajistar ofis gaskiya, ita ce ta tona asirin takardun. A 2017 hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan rigakafin yara. Da ba a ƙirga mu ba, da an ci gaba da tafa wa juna a ɗakin taro, ƙyanda da tarin shiƙa na cin karensu ba babbaka a ƙauyukanmu.

Sai dai a nan ne bashin ya fito. Wannan kashi 3 ya je Abuja, ya je Janeba, an rubuta shi da Turanci, an yi taro a kansa a otal, wasu sun sami digiri da shi. Cikin matan da suka ba da amsar, nawa ne suka ji sakamakon? Abin da ya dawo mana shi ne suna: mutanen can ba sa yarda da allura. Lamba kuwa ba ta da bakin bayani. Ba ta bambanta uban da ya hana ba da uwar da ta goya yaro ta taka daga ƙauye ta tarar da asibiti a kulle, ko aka ce mata maganin ya ƙare ta dawo wani satin. Da wani binciken na ƙasa ya fito da cewa a 2018 kashi 5 cikin 100 na yaran jihar ne suka kammala alluransu na asali, shekarar ce fa 'yan bindiga suka far wa Tabanni da maƙwabtanta a ƙasar Rabah, mutane suka kwararo Gandi da abin da hannu ya iya ɗauka. Katin rigakafi ba ya cikin abin da mai gudun rai ke tunawa. A takarda, ita da mai ƙin allura layi ɗaya suke.

Masu bincike za su ce ai sun nemi izini, ga dangwalen yatsa nan shaida. Mu duba yadda ake samun yatsan. Baƙo ya zo da rakiyar ɗan aiken mai unguwa, maigida yana fadama ko ya tafi cin rani, an kuma tarbiyyantar da mace cewa ba a korar baƙo. Ga talauci: wanda ya zo da mota mai tambari, wa ya sani, ƙila sunayen tallafi yake rubutawa. "To" ɗin da ta faɗa a wannan hali, nawa ne nata a ciki, nawa ne na kunya, nawa na sa rai?

Ba mu ne muka ƙirƙiro wannan shakku ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe mutum fiye da dubu goma sha ɗaya a Najeriya, kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara kusan 200 aka ɗauka, rabi aka ba su sabon maganin, rabi wanda aka saba. Goma sha ɗaya suka rasu. Iyaye sun ce ba a gaya musu gwaji ba ne; kamfanin ya ce an gaya musu da baki, kuma cutar ce ta kashe yaran. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Ko ma wa ke da gaskiya a kan mutuwar, uban da ɗansa ke sanƙare a hannunsa ba ya cikin halin auna magana. Duk wanda ya miƙo masa hannu likita ne a idonsa.

Abu mafi sauƙi shi ne mu ce a rufe ƙofa. An gwada. A 2003 wasu jihohin Arewa, Kano a gaba, suka dakatar da ɗigon shan inna, kuma labarin Trovan na cikin abin da ake kafa hujja da shi. Kafin a dawo a 2004 cutar ta bazu har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Kamfanin bai rasa komai ba a wannan fushin. Ƙafafun 'ya'yanmu ne suka biya.

Akwai kuma abin da ba ma son tunawa. Allurar sanƙarau ta MenAfriVac, wadda aka fara yi a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, ta iso Najeriya a 2011, ta kusan share nau'in sanƙarau ɗin da ya yi ɓarnar 1996. Kafin ta iso hannunmu an gwada ta a jikin yaran wasu, a Mali da Gambiya. Wata uwa a Bamako ta miƙa ɗanta ga abin da ba a gama tabbatarwa ba, namu suka kwana lafiya. Ashe mu ma ana bin mu. Wanda ya sha daga rijiyar da wasu suka haƙa ba shi da bakin cewa haƙa rijiya haramun ne. Abin da yake da iko a kai shi ne sharaɗin da za a haƙa a gonarsa.

Sharaɗin kuwa ba sai mun aro shi daga waje ba. A Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗinsa, a nan ya rasu a 1837, a nan kabarinsa yake, kuma cikin rubuce-rubucensa akwai na magani, har da na ciwon ido. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u ta ga cewa ilimin da ya tsaya a zauren malamai bai isa ga matan ƙauye ba, sai ta kafa 'Yan Taru: a naɗa wa jaji malfa, ta zo ta ɗauki karatu, ta koma da shi ga mata a harshen da suke ji. Tsari ne na ƙafa da baki, ba ya cin kuɗi mai yawa. Masu binciken zamaninmu sun iya rabin farko, sun san hanyar shiga kowane lungu su ɗebo. Hanyar komawa ce ba a sa ta a kasafi.

Za a ce sakamakon na jiha ne, gidaje kaɗan aka zaɓa, kuma sirrin mutane amana ne. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a faɗi sunan kowa ba. Cewa muka yi wanda ya iya nemo gidan mace don ya tambaye ta, ya iya nemo unguwarta don ya ce: ga abin da muka gano, cikin yara ɗari uku ne kawai suka kammala, ga dalilan da kuka faɗa mana, ga wanda muka kai wa ƙara. A faɗa a ƙofar hakimi, a faɗa a makarantar Islamiyyar mata, a faɗa a rediyo da Hausa. Mace ta ji cewa tonon da aka sa ta yi ya je wani wuri, ta kuma sami abin riƙewa ranar da ta sake tarar da asibiti a kulle.

Mun ta cewa "su", alhali yawancin masu riƙe na'urar nan 'ya'yanmu ne. Mu da muka yi boko ake ɗauka aikin na 'yan kwanaki, domin mu muka san hanya, mu ake buɗe wa ƙofa. A farkon kowace takarda akwai sakin layin da aka ce mu karanta wa uwa: cewa ba dole ba ne, tana iya ƙi, tana iya tsayawa a tsakiya, kuma babu abin da za a ba ta ko a hana ta. Rana tana yi, gidaje da yawa suna jira, mai duba aiki yana ƙirga mana. Sau nawa muka dunƙule sakin layin nan muka ce, "Inna, 'yan tambayoyi ne kawai, ba za mu daɗe ba," muka danna wurin da ke nuna ta amince, tun ba ta gama goge hannunta a zani ba?