Tsaro da Sirrin Mutum: Ina Iyaka?

'Yan'uwa, a 2022 Majalisar Tarayya ta amince da sabuwar dokar yaƙi da ta'addanci, wadda ta maye gurbin ta 2011. Dokar ta ba jami'an tsaro damar sauraren wayar wanda ake zargi idan kotu ta yarda. To, shin hakan ya dace?

Wanda Boko Haram ta kashe wa ɗan'uwa zai ce a saurara mana. Yana da gaskiya, kare rai wajibi ne. Amma fa Suratul Hujurat, aya ta 12, ta hana mummunan zato da bin diddigin asirin mutane. Sashe na 37 na tsarin mulki ma ya kare sirrin gida da na waya.

Ma'aunin dai hujja ce. A binciki mutum kan abin da ya aikata, wannan adalci ne. A bincike shi saboda harshensa ko rigarsa, zalunci ne. Mu mazauna Kudu mun san wannan: zato ne ya jawo kisan mafarauta 16 a Uromi a watan Maris 2025.

Don haka mu san wanda muke saukewa a masaukinmu. Mu kai rahoton abin da ido ya gani, ban da jita-jita. Allah Ya tsare mu, amin.