Ina Iyakar Ikon Mutum a Kan Motarsa?

A 1969 kamfanin Peugeot ya fito da samfurin 504 mai buɗaɗɗen rufi, wanda gidan zane na Pininfarina a Italiya ya tsara. Masu sha'awar irin waɗannan motoci a Turai da Amurka sukan kai su gareji a rage tsayin sifirin gaba, har hancin motar ya sunkuyo dab da kwalta. Hujjarsu ita ce ta fi kyan gani, ta fi kama hanya a kwana. Da gaskiyarsu, domin nauyi in ya sauko ƙasa mota ba ta yawan karkata. Sai dai in aka yanke sifirin da ka, taya kan cinye ta gefe guda, tukunyar baƙin mai kuma ta riƙa dukan kowane tudu.

A Anka da Gummi da Bukkuyum 'yar'uwar waccan motar aka sani, wadda aka riƙa harhaɗawa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975. Nan ba mai neman saukar da mota, domin hanyar Bagega da damina za ta raba shi da salansa tun bai yi nisa ba. Abin da direban a-kori-kura ke nema wajen bakanike shi ne ƙarin ganyen sifiri a baya, don ta ɗauki buhunan gero da dawa fiye da kima, fasinja kuma su hau bisa.

To, tunda motarsa ce, da kuɗinsa ya saya, yana da ikon yi mata yadda ya ga dama?

Malaman fikihu sun ce asalin al'amuran duniya halas ne, har sai cuta ta bayyana. Saukar da mota ko ɗaga ta ba zunubi ba ne a kan kansa, kuma son abu mai kyau ba girman kai ba ne. Amma dukiya amana ce, hanya kuma ta jama'a ce. A babin haya, malaman Malikiyya sun ɗora lamuni a kan wanda ya yi hayar dabba ya labta mata kayan da suka wuce sharaɗi har ta halaka. Idan an tsare haƙƙin jaki da raƙumi haka, ina ga rayukan da ke zaune bisa buhu?

Ƙarin sifiri yana ɓoye lodi ne kawai. Birki na nan yadda kamfani ya auna shi, taya ma haka. Kaya in suka danne baya, gaba kan yi sakayau, sitiyari ya daina jin magana, fitila ta koma haska sama. Direba ya ce komai nufin Allah ne. Haka ne, amma imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke wa mai sakaci alhaki ba.

A Amurka, jihar Kalifoniya ta kafa dokar hana saukar da mota fiye da kima a 1958, ta soke ta daga farkon 2024. Dokar mutane kan sauya haka. Haramcin cutar da wani bai sauya ba, kuma ya hau kan mai kwalliya da mai neman abinci daidai wa daida.

Direbobin yankin Anka da Gummi da Bukkuyum na fama da tsadar mai da lalacewar hanya da fargabar 'yan bindiga, kuma gyaran hanyoyin nan nauyi ne a wuyan gwamnati. Duk da haka, ya kamata shugabannin tasha su tsayar da iyakar lodi, bakanikai su faɗa wa mai mota gaskiyar abin da birkinsa zai iya tsayarwa, limamai kuma su sa batun cikin huɗubar Juma'a.