Ƙirya da Haƙurin Masassaƙi

'Yan'uwa, masassaƙa sun san halin ƙirya. Tauri gare ta, tana dakusar da gizago, sai an yi ta wasa shi. Rimi kuwa nan da nan an gama sassaƙa, amma turmi da taɓarya na ƙirya ake nema, don ko gara ba ta iya mata.

To, shin haƙuri zaman jira ne? A'a. Masassaƙi kaifi yake ƙarawa, ya bi icen sannu a hankali har ya ba da kai.

Mu nan kurmi, da yaro ya yi taurin kai sai mu ce ya gagara, a mai da shi gida. Kafin mu sallama shi, mu fara duba gizagonmu, wataƙila shi ya dakushe.

Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.