Kyauta Da Kayan Wani: Alheri Ne Ko Zamba?

Duk wanda ya san karofin Ƙofar Mata a birnin Kano, wanda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinsa, ya san cewa da zarar baba da toka sun jiƙa sun haɗu, babu marinin da zai iya tsame nasa ya bar na wani. Saboda haka a bakin rijiya ake yin bincike, tun kafin a zuba.

To, akwai irin wannan karofi a duniyar kwamfuta. A 1991 wani ɗalibi a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya soma rubuta manhajar Linux, ya kuma bar ta a buɗe, kowa ya karanta, ya gyara, ya ƙara nasa. Dubban mutane suka yi ta zubawa. Sai a 2003 kamfanin SCO na Amurka ya maka IBM a kotu, yana da'awar an ɗebi rubutun da yake mallakarsa an zuba cikin Linux, shari'ar da ba ta ƙare ba sai a 2021. Ganin haka, a 2004 Torvalds ya kawo ƙa'ida: duk mai kawo gudummawa sai ya rubuta sunansa a ƙarƙashinta, ya shaida cewa shi ya rubuta, ko ya ɗauko daga inda aka halatta ɗauka, ko kuwa wanda ya riga ya yi shaidar ne ya miƙo masa bai canza komai ba.

Wani zai ce, ina amfanin wannan? Ai mutumin kyauta ya bayar, ko kwabo bai nema ba, kuma maƙaryaci ma yana iya sa hannu. Gaskiya ne, sa hannu ba ya hana ƙarya. Amma kafin sa hannu, mai kawo kayan wani yana iya fakewa da rashin sani. Bayan sa hannu kuwa ya ɗauki amana, in ta ɓaci an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Kuma kyakkyawar niyya ba ta halatta abin da ba naka ba. Wanda ya yi kyauta da zanen maƙwabcinsa shi ya sha godiya, maƙwabci ya yi asara, wanda aka bai wa ya gaji rigima. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Ya ɗan'uwa marubuci, wannan magana tamu ce. Aro ba laifi ba ne. Abubakar Imam ma ya ɗebo wasu labaran Magana Jari Ce daga littattafan Larabawa da na Turawa, ya rina su da shunin Hausa. Laifin shi ne ka kwashe gumin wani, ka shafe sunansa, ka liƙa naka. Sunan da ke bangon littafi shaida ce, ba ado kaɗai ba. Kafin ka miƙa labari ko waƙa ga edita, tambayi kanka: nawa ne? In na aro, mai shi ya yarda, na kuma ambace shi? In amsar ta gagara, ajiye alƙalami tukuna.

Allah ya sa mu zama masu riƙon amana, amin.