Kukan nesa da bututun kusa

Tun shekarar 2024 ɗanyen man Agadem yake ratsa kudancin jahar Tawa ta ƙarƙashin ƙasa, cikin bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 da kamfanin CNPC na ƙasar Sin ya shimfiɗa har gaɓar tekun Benin. Manomin albasa na Madawa ba ya ganin man, labarin jinin da ake zubarwa kansa kawai yake ji. A watan Yunin shekarar aka kashe soja 6 masu tsaron bututun a jahar Doso, kwanaki kaɗan bayan haka ƴan tawayen FPL suka fasa shi a yankin Tesker. To, in wutar ta iso kan talaka, kukan da wani zai yi dominsa a Paris ko Landan zai tsinana masa wani abu?

Sudan ta riga ta ba da rabin amsa. Majami'u da ɗalibai sun matsa wa kamfanin Talisman na Kanada lamba kan man da ke ciyar da yaƙin kudu, har ya sayar da kasonsa a 2003. Kamfanin gwamnatin Indiya ya saye. Masu zanga-zanga suka koma gida zuciya fes, mai kuwa ya ci gaba da kwarara. Wanda aka kora shi ne mai jin kunyar surutu. Wanda ya gaje shi bai san suna yi ba.

A ƙasar Ogoni ma, hayaniyar duniya ba ta hana gwamnatin Abacha rataye Ken Saro-Wiwa da mutum 8 ba a 1995. Amma a 2021 kotun Hague ta ɗora wa reshen Shell na Najeriya alhakin malalar mai, bayan shekara 13 ana shari'a. Manoman yankin Neja Dalta ne suka kai ƙarar da sunansu, ƙungiyar Holan tana biye da kuɗi da lauyoyi.

Mutanen Adar ba baƙin wannan bambanci ba ne. Kuɗin aikin raya karkarar Keita, da aka soma a 1984, daga Italiya suka zo, amma matan ƙauyuka ne suka ɗauki duwatsu a ka, shi ya sa tudun da ya mutu ya sake yin itace. A yunwar 2005 kuwa, sai da hotunan ramammun yara suka zaga duniya agaji ya taso, alhali rumbunan Buza sun daɗe da ƙarewa. Tausayin nesa hoto yake jira, bututun da aka binne kuwa ba shi da hoto.

Abin da ke hannun na nesa ƙarami ne, ba ya kuma jawo tafi: bin sawun jiragen da ke lodi a tashar Seme, da faɗin wanda ya sayi man da farashinsa. A watan Afrilun 2024 CNPC ya ba gwamnatin Nijar rancen dala miliyan 400 da za a biya da mai. Bututun na iya ɗaukar ganga 90,000 a yini. Malamin da ke karantarwa cikin ajin zana a Buza yana da haƙƙin sanin ganga nawa suka tafi biyan bashin nan.