Takarda Ba Ita Ce Yarda Ba

A shekarar 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano da yara kimanin 200, 11 suka rasu. Daga baya ta bayyana cewa wasiƙar amincewar kwamitin ɗa'a, bayan an gama gwajin aka rubuta ta, aka mayar da kwanan wata baya.

To, a nan gizo ke saƙar. Editan mujallar kimiyya takarda kawai yake gani, ba ya ganin uwar da ɗanta ya sanƙare a hannunta. Mu a namu ganin, kafin a buga irin wannan bincike, wajibi ne a tambaya: da wane harshe aka yi mata bayani? An sanar da ita cewa ko ta ƙi, za a yi wa ɗanta magani?