Shin Ya Dace A Mai Da Karatun Alƙur'ani Abin Jawo Barci?

 

Kwanan baya, bayan an idar da sallar Isha'i, wani dattijo ya riƙe mini hannu a bakin masallaci ya ce yana da tambaya, amma yana jin nauyin yin ta a gaban jama'a. Muka koma gefe. Ya ce tun da uwargidansa ta rasu barci ya ƙaurace masa, sai ya kwana yana juyi har kiran assalatu. Da ɗansa ya ga haka sai ya zuba masa karatun Shaihu Minshawi a waya, ya ce ya riƙa kunnawa in ya kwanta. Ya ce, "Malam, wallahi ya yi mini magani, kafin a kai rabin Suratu Maryam na tafi. Amma in na farka cikin dare na ji ana ta karatu ba mai saurare, sai gabana ya faɗi. Anya ban mai da maganar Allah waƙar reno ba?"

Na ba shi amsa a tsaitsaye, amma ni kaina ba ta gamsar da ni ba, shi ya sa na kawo maganar wannan fili. Ba shi kaɗai ba ne kuma. Yau gidaje da yawa ba a kwana sai da wani abu yana ƙara a gefen matashi: wani karatu, wani ƙarar ruwan sama da aka ɗauka a waya, wani kuwa fanka ce kawai, ko da ana sanyi.

Mu fara da abin da babu gardama a kansa. Neman barci da sauti mai daɗi ɗabi'a ce da Allah ya halicci ɗan Adam a kanta, kuma kowace uwa ta san haka ba tare da an koya mata ba. Tana goye da jariri tana jijjiga shi tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, kafin a jima kansa ya langaɓe. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo wannan misali a littafinsa Ihya'u inda ya ke bayanin tasirin murya mai daɗi, ya haɗa jaririn da ke cikin shimfiɗa da raƙumin da ke manta nauyin kayansa in mai kora ya rera masa. Ibnu Sina ma, babban likitan nan da ya rasu a 1037, ya lissafa jijjigawa a hankali da waƙar reno cikin abubuwan da ke amfanin jariri. A birnin Edirne na ƙasar Turkiyya akwai asibitin da Sarki Bayazidu na biyu ya gina, aka gama shi a 1488, an yi masa maɓuɓɓugar ruwa a tsakiya domin marasa lafiya su riƙa jin zubarsa daga ɗakunansu. Yanzu gidan tarihi ne. Kowa kuma ya taɓa kwana a ɗakin kwano ana ruwan tsakiyar damina ya san abin da magina asibitin nan su ke nufi.

Dalilin abin ba boyayye ba ne. Ido yana da murfi, kunne ba shi da shi. Mutum yana barci kunnensa na gadi, kuma abin da ya fi tada shi shi ne sauyin ƙara farat ɗaya: a buga ƙofa, kare ya yi haushi, maƙwabci ya ta da janareta. Sautin da ke tafiya bai ɗaya, ba hawa ba sauka, kamar na ruwa ko na fanka, shi ke lulluɓe waɗannan, ya kuma ba zuciya wani abu marar nauyi da za ta riƙe maimakon lissafin bashi da na gobe. A Amurka tun 1962 aka fara sayar da wata 'yar na'ura mai fanka a ciki, ba ta da aiki sai yin wannan shuu ɗin. A 1990 wasu likitoci a Ingila suka gwada a kan jarirai sababbin haihuwa, ashirin-ashirin kashi biyu. Cikin waɗanda aka kunna wa sautin, 16 suka yi barci cikin minti biyar. Cikin ɗaya kashin kuwa 5 ne kacal.

Sai dai kada a zarce. A 2021 wasu masana suka tattara bincike 38 da aka yi a kan wannan irin sauti, suka ce hujjar amfaninsa tana da rauni ƙwarai. A 2014 kuma an gwada na'urorin barcin jarirai guda 14 a birnin Toronto na Kanada, aka tarar in an ƙure su kusa da kan yaro dukkansu sun wuce desibel 50, watau iyakar ƙarfin sautin da a ke shawarta a ɗakin jarirai na asibiti, uku ma sun haura 85, wanda ko babba zai iya cutar da jinsa in ya daɗe a ciki. Kunne amana ne, na yaro kuwa amana ce a wuyan iyayensa. To, ban da wannan kashedi, ban ga abin zargi ga wanda ya kwana da ƙarar ruwa ko ta iska ko kukan tsuntsaye ba. Batun kiɗa kuwa malamai sun daɗe suna saɓani a kansa, ba shi ne a gabanmu yau ba.

Abin da ke gabanmu shi ne Alƙur'ani, kuma mas'alar sabuwa ce. Kakanninmu ba su san ta ba, domin a zamaninsu in ka ji karatu to akwai mutum mai rai yana yi. In ya ga mai sauraronsa ya fara gyangyaɗi sai ya rufe ya yi addu'a. Sai a 1961 aka kammala ɗaukar Alƙur'ani gaba ɗayansa a faifai a Masar da muryar Shaihu Mahmud Halil Husari, a 1964 kuma aka buɗe gidan rediyon Alƙur'ani a Alƙahira. Daga nan kaset ya zo, daga kaset sai waya. Alheri ne babba, Allah kaɗai ya san yawan waɗanda suka gyara karatunsu ta wannan hanya. Amma ya zo da abin da ba a taɓa gani ba, watau makarancin da ba ya gajiya, ba ya kuma sanin ko ana jinsa. Shi kansa Shaihu Minshawi da ke raya daren dattijon nan ya rasu tun 1969.

Masu ganin babu laifi suna da hujja mai ƙarfi. Aya ta 28 ta Suratur Ra'adi ta nuna cewa ambaton Allah shi ke kwantar da zukata, mutumin da zuciyarsa ta kwanta kuwa barci shi ne abin da zai biyo baya. Har ila yau Alƙur'ani bai ɗauki barci abin kunya ba. A aya ta 11 ta Suratul Anfali an ambaci gyangyaɗin da ya rufe sahabbai a Badar a matsayin aminci daga Allah, haka kuma a Uhudu, kamar yadda ya zo a aya ta 154 ta Ali Imrana. Buhari ya ruwaito cewa Abu Ɗalha yana cikin waɗanda gyangyaɗin ya kama ran Uhudu, takobinsa na suɓucewa daga hannunsa yana ɗauka, yana suɓucewa yana ɗauka. Mutum a tsakiyar yaƙi ke nan. Annabi kuma, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da Alƙur'ani ya ke rufe yininsa. Nana A'isha ta ba da labarin yadda ya kan haɗa tafukansa in ya zo kwanciya, ya karanta Ƙulhuwa da Falaƙi da Nasi, ya shafe jikinsa, sau uku. Ayatul Kursiyyu da ayoyi biyu na ƙarshen Baƙara duk sun tabbata cikin abin da a ke karantawa da dare. Jin karatu daga bakin wani ma sunna ne, domin ya taɓa sa Abdullahi ɗan Mas'udu ya karanta masa Suratun Nisa'i, har ya kai aya ta 41, idanunsa suna zubar da hawaye.

Masu ƙyamar abin su ma ba da ka su ke magana ba. Aya ta 204 ta Suratul A'arafi ta yi umurni da saurarawa da yin shiru in ana karatu. Gaskiya ne da yawa daga malaman tafsiri sun ce wajibcin ya shafi salla ne da huɗuba, amma ba wanda ya ce ladabin ya tsaya nan. Akwai kuma hadisin da ke cikin Buhari da Muslim wanda ya umurci mai gyangyaɗi a cikin salla ya je ya kwanta, kada ya tashi neman gafara ya ɓuge da zagin kansa, da wani a cikin Muslim game da wanda karatu ya sarƙe masa a harshe saboda barci, shi ma aka ce ya kwanta. Imamu Nawawi, wanda ya rasu a 1277, a littafinsa Attibyan ya halatta karatu a kwance, amma ya lissafa halin gyangyaɗi cikin lokutan da ba a son yin sa. Abin lura a nan shi ne shari'a ta raba biyun. In barci ya zo, a ba shi haƙƙinsa, a ajiye karatu.

To, ina mafita? Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da muka faɗa ɗazu game da yadda sautin barci ke aiki. Ƙarar ruwa tana sa barci ne saboda ba ta cewa kome. Ba ta tambayarka, ba ta yi maka alkawari, ba ta tsoratar da kai. Amfaninta duka yana cikin a ji ta a manta da ita. Alƙur'ani kuwa magana ce, kuma an saukar da shi ne domin ya farkar. Wanda ya ɗora shi a gurbin fanka, ya bar shi yana zuba daga Isha'i har asuba, dare bayan dare, abin da ya ke koya wa kunnensa shi ne ya ji wannan murya ya ƙyale ta. Ayar da ke ambaton wuta ta wuce yana minshari, ayar da ke kiran masu imani ta wuce ba mai amsawa. Tsorona shi ne sabo. Jiki yana da saurin haɗa abu da abu, kuma wanda ya saba wa kansa cewa muryar makaranci alamar kwanciya ce, kada ya yi mamaki in azumi ya zo ya ga kansa na rinjaya tun raka'a ta biyu ta asham.

Amma ban yarda a tsananta wa irin dattijon nan ba, kuma a nan na rabu da masu hanawa kwata-kwata. Akwai bambanci tsakanin wanda ya kunna karatu domin ya toshe ƙarar janareta, da wanda ya kunna domin ya saurara, zuciyarsa ta sami sanyi, sa'an nan barci ya sace shi. Na farko ya nemi ƙara ce, kowace iri ma ta wadatar da shi, sai ya nemi ta ruwa. Na biyu ya nemi Ubangijinsa ne a lokacin da ya fi kowane lokaci kaɗaici. Barci ɓarawo ne, ba ya sallama, kuma an ɗauke alƙalami daga mai barci har ya farka. Mai jinya da ke kwance a asibiti, da matar da ke takaba, da wanda tsoro ya hana shi runtsawa, in ka ce musu su kashe karatu su rungumi shiru, ka raba su da magani ba ka ba su wani ba. Wannan ra'ayina ne, wanda ya fi ni sani yana iya gani dabam, filin nan kuwa a buɗe ya ke.

Abin da ya rage gyara ne mai sauƙi. Mutum ya fara da harshensa tukuna, ya karanta abin da ya tabbata, ya yi tasbihin nan da Annabi ya koya wa Nana Faɗima da Sayyidina Aliyu lokacin da ta nemi mai taya ta aiki, 33 da 33 da 34. Sa'an nan in zai saurara ya zaɓi sura guda, ba sauka sukutum ba, ya sa wayar ta kashe kanta in surar ta ƙare, yawancin wayoyin yanzu suna yin haka. Ya rage murya, domin wanda ke kwance kusa da shi yana da haƙƙi, ba a tilasta wa mutum sauraro a lokacin hutunsa. Abin toshe kunne kuwa gara a cire shi, ko don kada ladan ya yi ta kira ba a ji ba. In dare ya raba aka farka, ƙarar unguwa ta hana komawa, nan ne wurin ruwan sama da fanka. Wanda kuma rashin barcinsa ya ɗauki watanni, ya ga likita, domin sau da yawa akwai wata cuta ko damuwa a ƙarƙashi wadda sauti ba ya warkarwa.

Na sake haɗuwa da dattijon ran Juma'a, na faɗa masa wannan duka. Ya ce ɗansa zai saita masa wayar. Da na ce ya zaɓi sura guda, na zaci zai ce Maryam, sai ya ce a'a, Tabaraka zai sa. Na tambaye shi dalili. Ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce shekara arba'in da wani abu marigayiyar ba ta taɓa kwanciya ba ta karanta ta ba, a hankali, yana ji daga inda ya ke kwance, kuma bai taɓa jin ƙarshenta ba sai ran da ba shi da lafiya. Allah ya jiƙanta. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.